Ranar Da Littafin Bashin Kawu Ya Kulle Kansa

Jama'a, bari in ba ku labarin kuskuren da na tafka, ko wani zai tsira.

Kawuna yana sayar da kayan masarufi a Gusau, yana da yaran shago a Tsafe da Bunguɗu. Kullum rigima kan littafin bashi: wa ya karɓi kaya, wa ya biya. Sai na haɗa masa 'yar manhaja ta Android, na jona ta da Firestore, rumbun ajiyar bayanai na Firebase, wanda Google ya saya a 2014. Kyauta ake farawa, karantawa sau 50,000 da rubutawa sau 20,000 a rana, ya ishe mu har da saura.

Na buɗe project, na saka sunan package ɗin manhajar, na sauke fayil ɗin google-services.json na jefa cikin folda. Da aka tambaye ni tsarin tsaro, sai na danna test mode don sauri. Abu ya yi aiki, har kawu yana nuna wa maƙwabta.

Bayan wata guda, da sassafe sai ga kira: "Kai yaro, abin nan naka ya mutu fa! Ga mutumin Tsafe yana jira a gaya masa nawa ake binsa."

Na duba, sai ga PERMISSION_DENIED. Ashe test mode kwana 30 kawai yake yi, daga nan ya rufe ƙofa. Amma wallahi ba wannan ne ya tayar min da hankali ba. Tsawon kwanakin nan ƙofar a buɗe take. Duk wanda ya samu manhajar zai iya zaro lambar project ɗin, ya karanta sunayen mutane da bashinsu, ko ya goge komai. A halin da ake ciki a Zamfara, sanin wa ke juya kuɗi ba ƙaramin abu ba ne.

Ga yadda na gyara:

1. Na shiga Authentication na kunna imel da kalmar sirri, kowane yaron shago da nasa asusun.
2. A Rules, na sa sai wanda ya shiga da asusu: request.auth != null.
3. Wannan kaɗai bai isa ba, don wani ma zai iya buɗe asusu. Sai na lissafa UID na mutum huɗu, su kaɗai ke wucewa.
4. Makullin service account na saba ne kawai. Kar ka taɓa saka shi cikin manhaja ko ka tura a WhatsApp.

Da yamma na je na faɗa wa kawu gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Amanar mutane ce fa ka riƙe, ba tawa ba."

In kana da project yanzu, buɗe Rules ka duba kafin ka kwanta.