Ina Ake Samun Tsohon Kan Sarki?

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, sukan tambaye mu inda muke sayo tsofaffin kan sarkin da muke tarawa. Wasu ma sai an yi musu bayanin abin tukuna, don sun tashi wayar hannu ta riga ta karya kasuwar wasiƙa.

To, wuraren saye ba su ɓuya ba. Gidan waya shi ne na kusa, amma galibi na 'yan shekarun nan za a samu, masu kuɗin naira da kwabo, wato daga 1973 zuwa yau. Mai neman na zamanin Turawa sai ya nufi dillalan Ingila, irin su Stanley Gibbons na Landan, waɗanda kundinsu na farashi ake dubawa kafin a yi ciniki, ko kuwa ya shiga kasuwar intanet kamar eBay. A can akwai na Jihar Arewa da aka fara bugawa a 1900 da kan Sarauniya Biktoriya (kun ji, kan sarkin farko ma na sarauniya ne), da na Sarki Edward na Bakwai daga 1902. Akwai na Nijar na 1926 mai hoton ganuwar sojan Damagaram. Sai dai a yi hattara, jabu ya yi yawa. Wanda duk ya ce zai sayar muku da na fam 25 na 1904 a kan kuɗin cefane, ku yi masa sallama. Wannan ko manyan attajiran harkar sai sun sha gwanjo.

Mu dai abin da ya fi faranta mana rai ba daga Landan ya zo ba. Daga cikin adakar tsofaffi muka same shi, da akwatunan tsofaffin malaman makaranta da akawunan En'e, da gidajen da aka yi fatauci zuwa Kumasi ko aka yi tafiyar Hajji ta ƙasa. Nan ne ake cin karo da jerin 1953: na kwabo mai mahayan Barno, na ahu mai gyaɗa, na taro mai gadar Jabba, na sule goma mai shanun Fulani. Kuɗinsu a kasuwa bai taka kara ya karya ba, don an buga su da yawa. Amma suna manne a jikin ambulan, ga hatimin gidan waya da sunan gari da kwanan wata, ga kuma wasiƙar a ciki, wata da boko, wata da ajami, wata da hannun mai rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya.

Shi ya sa muke roƙo, don Allah kada a ɓamɓare kan sarki daga irin wannan ambulan. Dillalan ma sun fi daraja shi a haɗe, balle a ce hatimin Zungeru ne ko Lakwaja. Mu kuwa marubuta, wace taska ta fi wannan? Yadda ɗa ke gaida mahaifi a takarda shekara saba'in da suka wuce, da farashin buhun gero, da yadda ake sanar da rasuwa, duk suna nan da Hausar da ba mu ƙara jin irinta.

Kuma ba jiran mu suke yi ba. In tsoho ya rasu aka raba gado, takardu ba mai so. Gara ta ci nata, damina ta ci nata, saura a kai wa mai ƙosai ko a cinna musu wuta. A nemi izinin magada cikin ladabi, a biya in sun sa kuɗi, wasiƙar da ta shafi sirrin gida kuma a mayar musu da abinsu. Wanda aka samu a sa shi cikin kundi a kwance, nesa da laima da hasken rana, kuma kada a kusance shi da gam ko salatif.