Ranar da Ɗalibai Suka Karɓe Makaranta

Na yi wata biyar ina koyar da Turanci a wata babbar sakandare a ƙasar Japan kafin na ji ɗalibaina sun ɗaga murya. Shekarar karatu a can a watan Afrilu take farawa, kuma tun daga ranar farko, in na yi tambaya sai aji ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Har na fara zargin kaina, ko ban iya koyarwa ba ne. Sai da watan Satumba ya kama, aka shiga shirin bikin da suke kira bunkasai, wato bikin al'adu na makaranta, sannan na gane ban san yaran nan ba.

Kusan kowace sakandare a Japan tana yin wannan biki sau ɗaya a shekara, yawanci tsakanin Satumba da Nuwamba. Ranar 3 ga Nuwamba ma hutu ce a ƙasar baki ɗaya, suna kiranta Ranar Al'adu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ba malamai ke shirya bikin ba. Kwamitin ɗalibai ne ke tsara lokaci, ya raba ɗakuna, ya kuma duba yadda kowane aji zai kashe kuɗin da aka ware masa. Kowane aji, mai ɗalibai kusan 40, shi zai zauna ya zaɓi abin da zai nuna.

Ajin da nake taimakawa, 'yan shekara ta biyu, suka kaɗa ƙuri'a a kan gidan fatalwa. Suka yi makonni suna tara kwalaye daga kantuna, suna tsayawa bayan an tashi don yanka su da shafa musu baƙin fenti. Ana saura kwana biyu, sai aka yi gargaɗin mahaukaciyar guguwa, irin wadda ke tasowa daga teku a wannan lokaci na shekara, aka rufe makaranta. Yini guda ya tafi, ga aiki ko rabi bai kai ba.

Washegari na tarar da su cirko-cirko, wasu na gardama. Na naɗe hannun riga zan raba musu aiki, sai malamin ajin ya matso ya ce da ni a hankali, "Malam, ƙyale su. Bikinsu ne." Raina bai so ba, amma na koma gefe. Can sai wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta a darasina ba, ta ɗauki alli ta zana taswirar ajin a allo. Ta ce a rage hanyar zuwa rabi, a toshe tagogi da sauran kwalayen, duhu zai yi abin da ado bai yi ba. Suka amince. Kafin magariba an gama.

Ranar biki, makarantar ta koma kamar kasuwa. Iyaye, tsofaffin ɗalibai da 'yan ƙaramar sakandare masu son shigowa baɗi suka cika ko'ina, kowa ya tuɓe takalminsa a ƙofa ya sa silifas kamar yadda aka saba. A farfajiya ana soya yakisoba, taliya da kabeji. Da na tambaya ko akwai naman alade a ciki, ɗalibin da ke juya ta ya amsa da Turancin da ya fi ƙarfin amfani da shi a aji, ya ce akwai, ya kai ni wurin masu sayar da ayaba mai cakulan. A wani ɗaki 'yan ƙungiyar shayi, sanye da kimono, suka miƙa mini koren shayi mai ɗaci da alewa a gefe. A zauren wasanni kuma masu busa da kiɗa suka yi wasa, 'yan shekara ta uku suka yi wasan kwaikwayo. Wasunsu har da kuka, domin wannan ne bikinsu na ƙarshe. Daga nan sai karatun jarrabawar shiga jami'a da ke farawa a Janairu.

Gidan fatalwarmu kuwa, layinsa har matakala. Da na shiga, wani abu mai sanyi ya taɓa mini wuya, na kurma ihu. Fatalwowin suka fashe da dariya a cikin duhu, ɗaya ta ce, "Yi haƙuri, sensei!" Na gane muryar mai alli ce.

Da yamma, ba wanda ya ce musu uffan, suka kwance komai, suka ware kwali daban, roba daban, suka share, suka mayar da tebura. Ranar da muka koma darasi na yi tambaya, aji ya yi tsit kamar kullum. Sai na miƙa allin, na koma gefe na jira. Hannu uku suka tashi.

Ku fa, yaushe rabon da ajinku ya shirya wani abu da kansa, tun daga farko har sharar ƙarshe?