Inuwar Giginya

Jikana ya zo mana Sallah daga Abuja. Da ya gama gaisuwa sai ya zaro wani ɗan kati daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu. Idona ya yi rauni, na ce ya karanta. Ya karanta da Turanci, sannan ya juya mini da Hausa: mai ba hukumomi da kamfanoni shawara kan hulɗa da jama'a, jakadan zaman lafiya, mai fafutikar fahimtar juna tsakanin addinai. Yaron da ni na yi masa huɗuba, har yau bai cika talatin ba.

Na ce, "Kai ja'iri, wace ƙasa aka tura ka jakadanci?"

Ya yi dariya. "Kaka, ba irin wannan ba ne. Wata ƙungiya ce ta ba mu a otal, har da lambar yabo."

"Nawa ka biya?"

Sai ya koma tambayar ciwon ƙafata.

Daren nan ban runtsa ba. Yaron bai yi sata ba, bai shiga daji ba, kuma a Zamfarar yau wannan kaɗai ya isa a yi wa Allah godiya. Abin da ya hana ni barci shi ne kaina na gani a jikin katin.

A zamaninmu in an ce jakada, mutum ɗaya ke faɗo mana a rai, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Malamin makaranta ne kamar ni kafin ya shiga majalisar wakilai a 1954, ya riƙe ministan ma'adinai da wutar lantarki daga 1959 har juyin mulkin 1966. Shagari ya rinjaye shi a neman tutar NPN, amma bayan ya hau mulki a 1979, daga baya sai ya tura shi Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. In ya buɗe baki a rediyo, mu da ba mu taɓa wuce Kaduna ba sai mu ji kamar mu ne ke tsaye a Amurka da babbar riga. Har idonsa ya tafi harshensa bai gaza ba, sai da Allah Ya karɓi abinSa a Alƙahira ran 3 ga Yulin 2017.

Duk wannan kowa ya sani. Aikinsa da ba a cika ambata ba shi ne na 1976, lokacin da aka ba shi hukumar sauraron koke-koken jama'a, shi ne na farko a kujerar. Ku duba fa: mutumin da baiwarsa magana ce, aka ce ya zauna ya saurari ɗan fansho da aka hana haƙƙinsa da talakan da aka ƙwace wa fili. Na jima ina ɗaukar wannan ƙaramin muƙami ne a tarihinsa. Sai da na tsufa na gane cewa da mun samu irin wannan kunnen a tsakanin Magami da Wanke shekara ashirin da suka wuce, da yau ba mu jiran rakiyar soja kafin mu kama hanyar Ɗansadau.

Ni ma na yi irin aikin jikana, ba kati kawai. Ran 27 ga Oktoban 1999 ina cikin taron da ya cika Gusau lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da Shari'a, na yi kabbara har muryata ta dushe, kuma ba na nadama. Da Kaduna ta kama wuta a Fabrairun 2000, tsoro ya shiga Sabon Garin Gusau. Mutanen nan ba baƙi ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso kakanninsu ke zuwa, wasu don auduga da gyaɗa, wasu daga baya don masaƙa. Wani Ibo mai kayan gyaran mota da na koyar da 'ya'yansa biyu ya fara ɗaure kaya. Mu 'yan dattawa kaɗan muka riƙa bi shago shago, muna zama, muna shan ruwansu, muna cewa ga gidajenmu in wani abu ya taso. A shekarar nan Gusau ba ta kama ba. Ban ce mu muka hana ba, Allah ne, amma mun yi namu.

Daga nan aka san ni. Aka fara aiko mini da takardar gayyata: taron bita a Kaduna, taron tuntuɓa a Abuja, ɗaki mai sanyi, ruwan roba, ambulan a ƙarshe. Na koyi kalmomin. Na iya tsayawa kusa da fasto a ɗauki hoto ba tare da hulata ta karkace ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, a cikin masu wannan aiki akwai na gaskiya, kuma na gan su da idona. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ba a otal suka samo nasu ba. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Fasto ya rasa hannunsa na dama, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, kuma Fasto da bakinsa ya sha faɗin cewa ya yi shekaru yana tafiya tare da Imam alhali zuciyarsa na raya masa ya kashe shi. Da mahaifiyar Fasto ta kwanta asibiti, Imam ya je dubiya. Daga irin wannan aka gina cibiyarsu ta sasanci a Kaduna, aka samu yarjejeniyar da malamai da fastoci 22 suka sa wa hannu a Agustan 2002, aka je aka zaunar da mutanen Yelwan Shandam a 2005. Wata uku bayan yarjejeniyar Kaduna rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke, don kada wani ya ɗauka takarda na kashe wuta. Ba su fasa ba. Ko Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, da ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, wane taron bita ya halarta? Waɗannan duk akwai abin da suka ajiye a ƙasa, ko hannu, ko jini, ko rai. Ni me na ajiye? Kuɗin mota ma biya na ake yi.

To ga abin da ke ci na.

Wata kaka, shekara biyu ko uku kafin ta'asar 'yan bindiga ta ɓalle, wani Ardo ya yi mini sallama da hantsi. Ubansa da ubana sun yi zaman amana: bayan girbi shanunsu su kwana a gonarmu su bar mana taki, mu ba su dawa, matansu su kawo nono. Ya shigo zaure da kwalbar man shanu a hannu, ya ajiye, ya zauna a ƙasa duk da na nuna masa tabarma.

Ya ce, "Malam, an nome burtali. Mashayar da ka sani an kewaye ta an dasa albasa. Shanu sun shiga gona, ban musa ba. Ɓarnar ba ta kai buhu guda ba, amma an kulle ɗana, sai da na sayar da bakwai kafin ya fito. Kai ake jin maganarka. Ka tara mu da manoman nan, ko a ƙofar masallaci ne."

Jakata na ɗaure a gefe, washegari zan tafi Kaduna in yi jawabi kan zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista. Na ce, "Ardo, ka yi haƙuri in dawo, in Allah Ya so za mu zauna."

Ya ce, "To, Malam. Allah Ya kai ka lafiya."

Na dawo, aka yi rasuwa, aka yi biki, wata gayyatar ta zo. Ko da na tuna na aika, ruga ta tashi, sai turaku da busasshen kashin shanu. Bayan shekaru na ji cewa ɗan nan da aka kulle 'yan sa-kai sun kashe shi ranar kasuwa, a bainar jama'a, ba alƙali ba shaida. Ƙanensa kuwa an ce yana daji. Ban sani ba ko yana cikin waɗanda suka kashe ɗan ƙanwata a gona. Ba na son in sani.

Hausawa na cewa inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Ni ne giginyar. Na tafi sasanta masallaci da coci a garin wasu, na bar mutum biyu da ke bin limami ɗaya, sahu ɗaya, alƙibla ɗaya, suna wasa wuƙa a bayan gidana. Duk littattafan da aka raba mana a tarurrukan nan babu shafi guda a kan burtali. Masu ba da kuɗin taron abin da suka sani ke nan, rikicin addini, mu kuma muka sayar musu da abin da suke son saye. Aka yi Kizara a ƙasar Tsafe a 2013, aka yi 'Yar Galadima a 2014, inda aka tarar da mutane a tsakiyar taron neman mafita aka buɗe musu wuta. Wanda ya harba ya yi salati, wanda aka harba ya cika da salati.

Kuma abin haushin, mun gaji wannan sana'a, ba sai an koya mana ba. Ina yaro nakan bi babana fatauci gindin dutsen Kwatarkwashi, wajen Maguzawa. In za su yi mana yanka sai su miƙa wa babana wuƙa ya yanka da kansa, kuma akwai tukunya dabam da ba a taɓa dafa abin da ba mu ci a cikinta. Babu wanda ya kira wannan da wani dogon suna. Tukunya ce kawai a rataye, tana jiran baƙo.

Yanzu fa kowa ɗan sulhu ne. A 2019 Gwamna Matawalle ya buɗe ƙofar sulhu da 'yan bindiga, aka sako wasu da aka kama, aka ɗan sarara, ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai ga Jangebe ran 26 ga Fabrairun 2021, aka sace 'yan mata 279. Sai ga Satumbar shekarar an rufe layukan waya da kasuwannin mako, mu da ba mu ɗauki bindiga ba muka koma aika wasiƙa da direbobi kamar zamanin En'e. Sai ga Yulin 2022 an naɗa ɗan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoto, garin da tun kafin jihadi aka san shi da malamai, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Wannan ba sulhu ba ne, ciniki ne, kuma wanda ya fi yawan bindiga shi ke yanka farashi. Mutumin da ke aza wa ƙauye harajin noma, ya sace matar aure ya nemi babura a matsayin fansa, ba burtali yake nema ba. Kada wani ya zo mini da tatsuniyar an zalunce shi. Ardo aka zalunta, shi kuwa bai taɓa ɗaukar abin da ya wuce sanda ba.

Na faɗi haka, kuma na san in gobe aka ce zama da su zai dawo da yaran da ke hannunsu, ni zan fara ɗaukar sandata. Gwamna Dauda Lawal ya ce ba sulhu, ya kafa Askarawa a 2024, wasu dare nakan ce ya yi daidai, wasu dare in tuna abin da 'yan sa-kai suka yi a kasuwa in ji gabana ya faɗi. Wanda bai binne nasa ba shi ke da amsa guda ɗaya.

Haka ma kada jikana ya ji na ce aikin addinai banza ne. A 2016 an kashe mutum takwas a Talatar Mafara kan zargin ɓatanci, nan cikin jiharmu. Wutar na nan ƙarƙashin toka. Abin da nake ƙi shi ne jakadan da ba a aike shi ba, wanda bai san sunan mai unguwarsu ba amma ya san sunan kowane otal a Abuja. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, da Sarkin Musulmi Bello ke aikawa, a kan doki yake zagaya masarautu, ya sauka, ya ji, ya koma da abin da ya ji ko da ba mai daɗi ba ne. Na yanzu hotonsa ke riga shi isa, a Facebook, kafin ya ji komai.

Da safe na sa aka kira mini yaron. Na ce, "Akwai wasu Fulani gida huɗu da suka rage a bayan gari, ba su shiga daji ba, ba su kuma iya shiga kasuwa. Akwai manoman da ke cewa su ne 'yan leƙen asiri. Tunda kai jakada ne, je ka gaishe su. Kada ka ɗauki hoto, kada ka yi jawabi. Ka zauna inda suka nuna maka, ka sha abin da suka ba ka."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kaka, ba hatsari?"

Na ce akwai.

Ya ce yana da taro ran Laraba a Abuja, amma in ya dawo Babbar Sallah, in Allah Ya so, zai je.

Na buɗe baki in yi masa faɗa, sai na ji maganar ta maƙale. Na ce, "To. Allah Ya kai ka lafiya."

Ya bi ayarin motocin Gusau da hantsi. Katin yana nan a kan taga inda ya bar shi, na sa ƙanwarsa ta danne shi da dutse saboda iska. Ni kuma na aika a tambayo mini mai babur ɗin da zai yarda ya kai tsoho bayan gari bayan la'asar, ya jira shi, ya dawo da shi kafin magariba. Biyu sun ƙi. Ana neman na uku.