Wayar da ta dace da mutumin bakin iyaka

Sharhin kayan fasaha ya zama babbar sana'a. Mutum zai karɓi sabuwar waya, ya gwada ta mako guda ko biyu, sannan ya gaya wa jama'a ko ta cancanci kuɗinsu. Manyan gidajen jarida sun gane ribar da ke ciki. A 2016 jaridar New York Times ta sayi Wirecutter, kafar da ke ba masu saye shawara, wadda ke samun la'ada idan mai karatu ya sayi kaya ta hanyarta. Ba su ɓoye hakan ba, ni kuma ina karanta su, ina ƙaruwa.

Sai dai duk lokacin da wani ɗan'uwa daga Riko, a ƙaramar hukumar Jibiya, ya tambaye ni wace waya zai saya, karatun nan ba ya amsa masa. Mai sharhi a Amurka yana auna kyawun hoton dare da saurin wasanni. Mutumin bakin iyaka kuwa tambayarsa ta farko ita ce layi nawa wayar ke ɗauka, domin yana riƙe da MTN ko Airtel na Najeriya, ga kuma Moov ko Zamani na Nijar, saboda dangi da abokan ciniki a Ɗan Isa da Maraɗi. Ta biyu, kwana nawa batir zai yi, tunda caji a wurin mai janareta ko sola ake yi, kuma ba kyauta ba. Ta uku, idan gilashin ya fashe, akwai kayan gyaransa a Katsina, ko sai an aika kasuwar Farm Centre ta Kano?

Wannan ba zancen ƙawa ba ne. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, saboda 'yan bindiga. Wasu da na sani a lokacin, layin Nijar ne kaɗai ya haɗa su da iyalansu, shi ma sai an nemi tudu. A yankin da kira ɗaya kan sa mutum ya fasa bin wata hanya, wayar da ke kama sabis mai rauni ta fi wadda ke da kyamara huɗu, amma da wuya ka ga an gwada wannan.

Abin mamaki, kamfanin da ya fahimci haka ba ta bakin masu sharhi ya yi suna ba. Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ƙera wayoyi masu layi fiye da ɗaya, da batir mai jimiri, da kyamarar da ke fito da baƙar fata sosai, har ya zarce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka.

A ganina, masanan da muke bukata suna zaune a rumfunan gyara da na caji. Su suka san wayar da ƙurar hunturu ke toshe mata wurin caji, da wadda batirinta ke kumbura a zafin bazara. Gaskiya ne wasunsu ma dillalai ne, suna da abin da suke so su sayar. To, jaridunmu na Hausa su aika wakili ya ji daga bakin uku ko huɗu, ya buga da farashi a naira da sefa, ya kuma faɗa mana idan kamfani ne ya ba shi wayar.