Asirin Mai Goro

Hunturu ne ya kore mu daga ƙofar gida, muka ja tabarma cikin zaure, muka kewaye kaskon gawayi. Mu huɗu ne daren nan a fadarmu ta Mokoyo: ni, da Malam, da Na Tibiri mai haɗa shayi, da Mai Goro wanda kwanansa uku da dawowa daga Kumasi. Ana zuba na farko sai Mai Goro ya leƙa waje, ya turo ƙyaure.

"Abin da zan faɗa muku kada ya fita zauren nan. In Hajiya ta ji, girmana ya zube."

"Kishiya ka yo mata a Gana?" in ji Na Tibiri.

"Da ma ita ce, da sauƙi. Mai masaukina na zango ne ya ce ba zan koma Maraɗi ban ga kurmi ba. Ya ɗauke ni har Kakum, kusa da bakin teku. Daga inda mota ta tsaya sai ƙafa, ana hawan tudu cikin laka da saiwoyi. Rana ba ta taɓa ƙasa, Malam. Itace ka ɗaga kai har hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshensa ba. Warin wurin kamar rumbun da ruwa ya shiga, gumi kuwa ko a zafin bazara ban taɓa yin irinsa ba."

Ya kurɓi shayi, ya rage murya.

"Can sama sun ɗaura gadar igiya daga itace zuwa itace, guda 7, tsawonsu duka wajen mita 350, tsakaninka da ƙasa ya kai mita 30. Katako ne siriri, raga dama da hagu. Na wuce ta farko ina dakewa. Ina tsakiyar ta biyu sai ƴan makaranta suka hawo a guje, abin ya kama lilo. Wallahi zama na yi. Duk addu'ar da na sani ta gudu, sai bisimilla. Wata yarinya da ba ta kai autata ba ita ta kama hannuna har ƙarshe."

Na Tibiri ya aje buta don kada ta kife, dariya har da hawaye. Na ce, "To giwa fa, Alhaji? Ka gan ta?"

"An ce akwai su, ƙananan giwayen kurmi, amma duhuwar ta ɓoye su. Na ga wutsiyar biri, na ga malam-buɗe-littafi kala-kala. Da muka sauko na tsaya kan layin kwarkwasa ban sani ba. Sai da na tuɓe wando bayan wani itace."

"Ka canza sefa zuwa sidi, ka biya aka cije ka," in ji Na Tibiri.

Malam bai yi dariya sosai ba. Yana juya kofi a hannu, sai ya ce, "Ni giwa a nan gida na gan ta. Ina ƙaramin malami a ƙauyukan Madarunfa, sukan ƙetaro daga Najeriya su shigo dajin Baban Rafi. Manoma su kwana suna kaɗa gwangwani, suna hura wuta don kada a tattake masu dawa. Wata asuba na ga sawunta a laka, na sa ƙafafuna biyu ciki, da sauran wuri. Yau masu saran itace sun ci rabonsu, ƴan bindiga sun hana shiga sauran. Jikokina a waya suke ganin giwa."

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar buta. Na Tibiri ya ƙara na'ana'a a na biyu.

"Amma ba duka aka rasa ba," Malam ya ci gaba. "Gadabeji tana nan bayan Dakoro, gandun daji tun 1955. Fari da farauta sun ƙarar da raƙuman dawanta shekaru kusan 50, sai a 2018 aka ɗauko guda 8 daga Kure a mota, tafiyar kilomita 800, aka sake su can. Irinsu a 1996 saura 49 kacal a duniya, duk a ƙasarmu. Yanzu sun haura 600. Can kuma ba a ɓoye maka dabba. Fili ne, tun daga nesa za ka hango wuyanta saman ƙaya."

Nan take muka yanke: kafin zafi ya shigo za mu je, kowa ya kawo kuɗin mai, ni zan nemo mai rakiya wurin ma'aikatan gandun daji. Mai Goro ya yi jim.

"Malam, tsakani da Allah, akwai gada?"

"Rairayi ne zalla."

"To a sa sunana."

Muka sha na uku, kowa ya rantse bakinsa alaikum. Mun manta matar Na Tibiri da Hajiya adashinsu ɗaya. Ranar Juma'a Mai Goro zai hau tsani ya gyara indararo, sai Hajiya ta kira autarsu ta ce, "Je ki riƙe wa Babanki hannu."