Daga Kan Dala Zuwa Ƙofar Mata: Yini Guda da Kyamara a Hannu

A wannan watan ba za mu yi nisa ba, cikin birnin Kano za mu shiga, amma da kyamara a rataye. Na san wata za ta ce ai ɗaukar hoto sana'ar maza ce, irin masu tsayawa a ƙofar gidan biki su miƙo miki hotonki tun ba ki gama cin shinkafa ba. To ni ba sana'a nake nufi ba, sha'awa ce kawai. Abin da ya jefa ni ciki kuwa shi ne, lokacin da Allah Ya yi wa mahaifiyata rasuwa mun bincike gida kaf, hotonta guda ɗaya tal muka samu, na fasfon Hajji, shi ma ya koɗe. 'Ya'yana ƙanana ba su san yadda take murmushi ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoton kyamara, don haka ki tambayi malamin da kika natsu da shi, ki kuma nemi yardar maigida kafin mu kama hanya.

Bari in fara gaya miki abin da na daɗe ban gane ba. Gangar jikin kyamara ba ita ce ke gani ba, gilashin da ake ɗaura mata a gaba shi ne idonta, kuma a manyan kyamarori cire shi ake yi a sauya wani. Kowane gilashi akwai lamba a jikinsa ta milimita. Ƙaramar lamba, kamar 18 ko 24, tana ɗebo fili mai faɗi amma ta ƙanƙantar da komai. Babbar lamba, kamar 200 ko 300, tana jawo abin da ke nesa ya zo gabanki amma ta matse filin. Uku nake da su: mai 18 zuwa 55 wanda ya zo tare da kyamarar, da dogo mai 70 zuwa 300 da na tara kuɗin adashi na saya, sai wani ɗan ƙarami mai 50 wanda ba ya zum ko kaɗan, kuma shi ne mafi arha a cikinsu.

Ki isa gindin Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Akwai matakala har sama, sai dai ki bi a hankali, ki kuma riƙe hannun yara. A nan Kano ta faro, domin masana sun gano alamun narkar da tama a wurin tun ƙarni na 7, kuma a nan ne tarihi ya ce Barbushe ya zauna yana yi wa jama'arsa hidimar Tsumburbura kafin hasken Musulunci ya iso. Da kin kai sama, iska za ta buge ki, birni ya shimfiɗu a ƙarƙashinki ta kowace fuska: rufin kwano mai tsatsa, rufin soro nan da can, Gwauron Dutse a gefe, can kuma koriyar ƙubbar babban masallacin cikin gari da hasumiyoyinsa. Wannan wurin na gilashi mai faɗi ne. Ki mayar da shi 18, ki tsayar da yaro ko wani dutse a gaba-gaba don hoton ya samu zurfi, in ba haka ba za ki koma gida da rufin kwano zalla.

A nan ne dogon gilashin nan ya ba ni kunya, kuma saboda wannan na rubuta miki. Na ɗaura shi ina so in jawo ƙubbar masallaci, hannuna ya ɗan sunkuya, sai ga tsakar gidan wasu bayin Allah a idona kamar a ciki nake. Wata mata ce ba ɗankwali, da ɗaurin ƙirji, tana yi wa jaririnta wanka a gindin rijiya. Ita tana cikin gidanta, an yi mata katanga, an yi mata zaure, ba ta san akwai wani ido a kanta ba. Na sauke kyamarar jikina a sanyaye. Ki tuna, 'yar'uwa, leƙen asirin mutane haramun ne ko da ido ko da gilashi, kuma hoton yau ba ya zama a aljihu, da ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu. Idan kin hau Dala da dogon gilashi, ki ɗaga shi sama da rufin gidaje. Idan kuma da samari kika zo, wannan ce maganar farko da za ki gaya musu kafin ki miƙa musu kyamara.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta yi tsaka, haske ya yi kaifi, hoton waje ba ya kyau. Lokacin shiga Kasuwar Kurmi ke nan, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa. Lungunanta matsattsu ne, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, rufi ya haɗe da rufi, sai ɗan haske da ke tsiyayowa ta tsakani. Ga 'yan turare, ga masu sirdi da linzami, ga dukawa da jakunkunan fata, ga masu littattafan addini da alluna, ga duwatsun wuya rataye kamar labule. Duk abin da ido ke so yana nan, haske ne kawai babu.

To a nan za ki san amfanin lamba ta biyu da ke jikin gilashi, wadda ke farawa da harafin f. Ita ce ke nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashin da ya zo da kyamara, in kin kai shi 55, ba ya wuce f/5.6. Ɗan ƙaramin nan mai 50 kuwa yana buɗewa har f/1.8, wato hasken da yake sha ya kusa ninki goma. Shi ya sa a lungun da wancan ke ba ki hoto mai duhu ko mai rawa, wannan zai fito miki da fuska tas, bayanta kuma ya narke kamar hazo, ba kuma sai kin kunna filasha kin firgita mutane ba.

Amma ni abin da ya fi burge ni da shi wani ne daban. Tunda ba ya zum, ƙafarki ce zum ɗin. Ba za ki iya laɓewa daga nesa ki saci fuskar mutum ba, dole ki matsa, kuma ba a matsa wa dattijo ba sallama. Haka na tsaya gaban wani tsoho mai ɗinkin sirdi, na gaishe shi, na ce, "Baba, ko za ka yarda in ɗauki aikin nan naka?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajiya, aikin kawai, ko har da mai aikin?" Muka yi dariya, ya gyara hularsa, ya ci gaba da ɗinki. Hoton hannayensa a kan jar fata shi ne mafi kyau da na taɓa ɗauka. Makwabcinsa kuwa ya ce shi ba ya so, na ce na gode, na wuce. Za ki haɗu da irinsu da yawa, musamman mata, kada ki matsa.

Wani abin lura: yawancin kyamarorin masu koyo suna ɗan matse hoto, 50 ya koma kamar 75 ko 80. Ga fuska hakan daidai ne, amma a ɗaki ko lungu za ki ji bango ya hana ki ja da baya. In ɗaya za ki saya don gida da yara, mai 35 f/1.8 ya fi sauƙin sha'ani.

Bayan sallar La'asar, sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Ramuka ne a jere a ƙasa, da yawansu yanzu an daina aiki da su, amma akwai marina da ke riƙe da sana'ar iyayensu, suna haɗa baba da toka da katsi su bar shi ya tsimu. Ki tsaya ki lura da zane idan an ɗago shi daga rami: kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonki. Ki ɗauki jerin ramukan da mai faɗi, ki ɗauki hannun marini da mai 50. Kada dai ki kusanci fuskar mutum da mai faɗi, hanci yake kumburawa, kunnuwa su gudu baya. Wannan ne ma dalilin da ya sa hoton da kike ɗaukar kanki da waya ba ya kama da ke, don babban idon waya mai faɗi ne. In da waya kike aiki, ki ja da baya ki danna 2x. Mutanen marina sun saba da baƙi, kuma ya kyautu ki sayi ɗan zane ko ki yi musu alheri.

Kada ki ce na raina dogon gilashi, yana da ranarsa. Duk shekarar da aka yi Hawan Daushe, inda hakimai ke sukuwa su kai jahi a Ƙofar Kudu, ba mace mai hankali da za ta kutsa gaban dawakai da goyo. Daga nesa za ki tsaya, shi ya kawo miki rawani da kwalliyar doki. Hukumar UNESCO ma ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024. Sai dai dogon gilashi yana ƙara rawar hannu, don haka in kina kan 300, kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza 1/500, ki kuma jingina da bango.

Saura maganar ƙura. In lokacin hunturu kika zo, kada ki kuskura ki sauya gilashi a fili, ki shiga mota ko ki rufa da mayafi, bakin kyamara na kallon ƙasa. Kada ki goge shi da bakin zane, yashi ne zai karce shi, ki fara hure ƙurar tukuna. Idan na hannu za ki saya, ki ɗaga shi saitin haske ki leƙa, in kin ga wani abu kamar yanar gizo a ciki, fumfuna ce, ki ajiye musu abinsu.

Ni dai bayan sati biyu na wanke hoton Baba mai sirdi na kai masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira wani yaro ya ce ya kai gida a nuna wa tsohuwa, don shekara arba'in suna tare ba ta taɓa ganin rumfarsa ba.