Amurka na kukan bashi, amma ina wuƙar ta sauka?

Makon jiya cikin shirinmu na safe wani mai saurare ya bugo daga Tasawa yana tambaya: ƙasa mai arziki kamar Amurka, mi ya sa ta rufe USAID tana kukan kuɗi? Minti biyu suka rage mana, sai muka ba shi amsar da mu kanmu ba ta gamsar da mu ba. To ga cikon.

Masu ra'ayin mazan jiya a Amurka, galibinsu ƴan jam'iyyar Republican, sun daɗe a kan magana ukku: a rage haraji don ƴan kasuwa su motsa, gwamnati ta rage kashe kuɗi, soja kuma a bar shi da ƙarfinsa. Kuma gaskiya hujjarsu ba ta banza ba ce. Bashin gwamnatinsu ya wuce dala miliyar dubu 35, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. A 2024 kuɗin ruwan bashin kaɗai ya zarce abin da aka kashe wa soja.

Ina kuɗin ke tafiya? Babban kaso wajen tsofaffi. Akwai Social Security, fanshon da aka kafa a 1935, kwatankwacin CNSS ɗinmu, sai Medicare na 1965 mai biyan kuɗin likita ga waɗanda suka kai shekara 65. Fanshon nan kamar adashe yake: masu aiki yau su zuba, tsofaffi su kwasa. A 1960 ma'aikata biyar ke zuba wa tsoho guda, yau ba su cika ukku ba. Masu kula da asusun sun ce idan ba a gyara ba, wajen 2033 ajiyar za ta ƙare, a koma biyan kusan kashi 80 cikin ɗari. Duk wadda ta taɓa riƙe adashe ta san abin da ke faruwa idan masu kwasa sun fara yi wa masu zubi yawa.

Nan ne ƴan mazan jiya ke cewa a gyara tun da sauran lokaci. Reagan ya yi a 1983, da haɗin kan ƴan Democrat, aka ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali daga 65 zuwa 67. George Bush ƙarami ya so a 2005 a bar matasa su juya wani ɓangare na zubinsu da kansu, amma ko ƙuri'a ba a kaɗa ba maganar ta mutu, alhali jam'iyyarsa ke riƙe da majalisun biyu. Tsofaffi su suka fi fita zaɓe, shi ke nan. Trump ya gane haka, ya yi alkawarin ba zai taɓa kuɗinsu ba. Kun dai ga yadda Faransa ta yamutse a 2023 kan ƙarin shekara biyu kacal.

Soja ma haka. Kasafinsa ya haura dala miliyar 800 a shekara, kuma ƴan kaɗan ne cikinsu, irin su sanata Rand Paul, ke cewa a rage. Gardamarsu ta fi yawa kan inda za a ajiye sojan, har wasu na ganin girke shi a ƙasashen nesa asara ce. Mu dai mun ga ficewarsu daga sansanin Agadas a 2024, ko da yake wannan hukumominmu suka ce su tashi.

To idan fansho ba ya taɓuwa, soja ba ya taɓuwa, haraji kuma ba a son ƙarawa, mi ya rage? Ƙananan tukwane. Taimakon ƙasashen waje kusan kashi 1 cikin ɗari ne na kasafinsu. An rufe USAID a Yulin 2025, bashin bai ko girgiza ba, amma wanda ke karɓar maganin zazzaɓi ko abincin tamowa ta wannan hanya ya ji a jikinsa, kuma ba shi da ƙuri'a a Filorida.

A ganinmu lissafinsu kan fansho daidai ne, ƙarfin halin faɗa wa nasu tsofaffin ne ya gagare su. Mai saurarenmu na Tasawa, idan kana karantawa, sake bugowa ran Litinin, za mu ba ka fili.